Sai Gimbiya Ta Haihu

"Ba haka ba, 'yar nan. Bi ƙafar da yatsa har sama. In gaɓoɓin biyu sun lanƙwasa waje guda, ta gaba ce."

"Gwaggo, a karɓar haihuwa fa na yi furfura."

"Ta masu ƙafa biyu. Wannan huɗu gare shi, kuma in ban yi ƙarya ba su biyu ne a ciki. Kin ga takwas ke nan. Kar ki haɗa mini ƙafar wani da kan wani."

Sista ta haɗiye dariyarta. Tana durƙushe a kan busasshiyar ciyawa cikin rumfar tumaki, hannunta na dama ya shige cikin tunkiyar da ake kira Mai Gardama har ya wuce wuyan hannu. Ta rufe ido, don ta daɗe da sanin cewa yatsa ya fi gani in ido ya ba shi wuri. Gwaggo kuwa na zaune a kan kifaffen bokiti, kan tunkiyar a cinyarta, tana murza mata kunne tana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jika.

Ga kai, ga ƙafa ɗaya. Ɗayar ta maƙale a baya. Sista ta jira naƙudar ta lafa, ta tura kan ciki kaɗan, ta rufe ɗan kofaton da tafin hannunta don kada ya yagi uwar, sannan ta jawo shi a hankali. Tunkiyar ta yi wani dogon nishi, sai ga ɗan ya sulɓo, jiƙe sharkaf, ya zube a ciyawa ba motsi.

"Share masa baki. Ɗauki tsinken ciyawa ki sosa masa hanci."

Ta sosa. Ɗan ragon ya yi atishawa, ya girgiza kai, kunnuwansa suka yi fat-fat.

"Ka ji mara kunya," in ji Gwaggo. "Ya ba mu wahala, kuma ya biya mu da atishawa."

Na biyun bai jira taimakon kowa ba, ya biyo ɗan'uwansa kamar wanda ya makara.

Sista ba ta taɓa tsammanin za ta ƙare a rumfar tumaki ba. A ɗakin haihuwa na asibiti ta yi aikinta har ta yi ritaya, can ta samo sunan da ya bi ta har gida. Mijinta ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, sai ta koma ɗan gidan da ke ƙarshen layi, inda gine-gine suka ƙare gonaki suka fara, da niyyar ta huta da ihun masu naƙuda. Danga ɗaya ce ta raba ta da Gwaggo. Ba gwaggon kowa ba ce a layin, amma haka babba da yaro ke kiranta. Tana da 'yar gona, da garken tumaki, da saniya guda, kuma ita kaɗai ke fama da su tun rasuwar mai gidanta. Gaisuwa ce kawai ke haɗa matan biyu, sai ɗan kwanon madara da kan tsallaka danga jefi-jefi. Har safiyar nan, da Gwaggo ta leƙo ta ce, "'Yar nan, ara mini hannunki. Nawa sun ƙi shiga." Ta ɗaga su sama. Yatsun sun kumbura kamar an hura musu iska.

Da suka tabbatar jariran sun kama nono, Gwaggo ta dafa gwiwa za ta tashi, sai ta koma ta zauna. Ta sake yunƙurawa. Sista ta tallafe ta, nan ta ji numfashin tsohuwar kusa da kunnenta, gajere, da wani ɗan sauti a ƙarƙashinsa kamar ana taka busasshen ganye. Daga rumfa zuwa ƙofar ɗaki ba wata tafiya ba ce, amma sai da suka yi ta tsayawa, Gwaggo na fakewa da duba wannan da gyara wancan.

Ɗakin tsaf yake. Gadon ƙarfe a gyare, ba alamar an kwanta a kansa. Bargo da filo kuwa suna kan wata kujera mai hannu a jikin taga, kusa da kwalaben maganin dabbobi. Sista ta zaunar da ita, ta durƙusa, ta ɗage mata zani kaɗan ba tare da neman izini ba, ta danna babban yatsanta a ƙaurin. Da ta ɗauke, ramin ya tsaya, bai ciko ba.

"Tun yaushe kike barci a zaune?"

"Gadon ne ya tsufa."

"Gwaggo."

"To, in na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji. Tsufa ne, 'yar nan. Ke ma yana nan tafe."

"Ba tsufa ba ne kaɗai. Zuciyarki ce ta gaji, ruwa na taruwa a jikinki, ya fara hawa huhu. Wannan na asibiti ne, kuma ba na gobe ba."

Gwaggo ta juya ta kalli taga. Daga nan ana hango saniyar a turkenta, ja ce mai farin goshi, cikinta ya sauka har kamar zai taɓa ƙasa.

"Sai Gimbiya ta haihu," ta ce.

Sannan ta ba ta labari, tana yi tana hutawa. Gimbiya jikar saniyar da mai gidanta ya fara saya ce, shekarar da suka tare a gonar. Bara ta sha wuya, maraƙin ya zo a juye, aka fito da shi ba rai. A lokacin ne Gwaggo ta kwanta ciwo, ɗanta Auta ya zo daga birni, inda yake da garejin gyaran motoci, ya rantse cewa in ya sake samun ta a kwance, zai sayar da dabbobin nan kaf ya tafi da ita.

"Ya gyara mini ɗaki a gidansa. Mai kyau ne, har da fanka. Matarsa ma mutuniyar kirki ce. Amma in kin buɗe taga, bangon wani kike kallo. In ya ji labarin nan, gobe za ki ga mota biyu a ƙofa, ɗaya tawa, ɗaya ta mahauta. Wa zai tsaya wa saniya mai ciki? Ki bar ni in ga ta sauka lafiya. Daga nan ko a kai za a ɗauke ni, na yarda." Ta kama hannun Sista da kumburarrun yatsunta. "Kar ki gaya masa."

Sista ta buɗe baki za ta yi mata irin faɗan da ta saba yi wa masu taurin kai a asibiti. Abin da ya fito kawai shi ne, "To."

Daga ranar aikin gonar ya koma hannunta. Kafin rana ta ɗaga tana rumfa da bokitin dusa, tumaki na turereniya a ƙafafunta. Ta koyi gane tunkiyar da haihuwa ta kusa: sai ta ware kanta, ta yi ta tonon ƙasa da kofato, ta kwanta ta tashi, hantsarta ta cika tam. Ta koyi matse nonon farko, mai kauri kamar zuma, ta ɗura wa jaririn da ya kasa tsayuwa. Ta koyi cewa akwai uwar da za ta lashe ɗanta har ta kusa cire masa fata, akwai kuma wadda za ta haihu ta kalli abin da ta haifa kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Duk yadda kika san mutane," in ji Gwaggo daga kujerarta, wadda yanzu ake fito mata da ita bakin ƙofa. "Sai dai su ba sa zagin miji in naƙuda ta yi zafi."

"Da sun san inda ragon yake, da sun zage shi."

Gwaggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Sista ta samo mata ƙwayoyin rage ruwa, ta kuma hana ta cin gishiri. "Ikon Allah," in ji Gwaggo, "tumakina na lasar gishiri a gabana, ni mai su an hana ni." Kumburin ya ɗan saɓe, har ta yi kwanaki tana takawa zuwa turke ta shafa wuyan Gimbiya, ta leƙa hantsarta, ta ce, "Da saura. Wannan ba ta gaggawa, sunanta ne ya bi ta." Sista ta fara gaya wa kanta cewa wataƙila za su kai.

Wata safiya ta tsallako danga ta tarar kujerar ba kowa. A bayan rumfa ta same ta, ta rungume ginshiƙi, bokitin ruwa ya kife a gefenta. Leɓunanta sun yi duhu. Ta so ta ce wani abu, amma kalma ɗaya sai numfashi, kalma ɗaya sai numfashi. Da ƙyar Sista ta kai ta ɗaki, ta jingine ta da filo, ta zauna tana riƙe da wuyan hannunta har bugun ya ɗan daidaita.

Sannan ta koma gidanta, ta zauna a bakin gado da waya a hannu. Auta ya taɓa ba ta lambarsa wani zuwa da ya yi, ya ce ko da wani abu zai taso. Alkawari kaya ne, ta sani. Amma ta tuna matan da ake kawo mata asibiti bayan an gama ɓata lokaci a gida, da yadda takan fito ta tsaya a kan danginsu, ta ce, "Ina kuke tun tuni? Ba ku da ido ne?" Ba ta taɓa tsayawa ta ji amsarsu ba. Yau ga ta ita ce dangin, kuma ta san amsar: mara lafiyar ce ta riƙe musu hannu ta roƙe su.

Ta kira shi. Da ta gama, ba ta tsaya jan ƙafa ba, ta tsallaka ta gaya wa Gwaggo da bakinta.

Tsohuwar ta gyara bargonta.

"An gode, Sista," ta ce. "A ja mini ƙofa in za a fita."

Tunda suka san juna, ba ta taɓa kiranta da wannan sunan ba.

Auta ya iso washegari da hantsi. Mota ɗaya ce. Dogon mutum ne mai furfura a gemu, baƙin mai ya zauna a gefen farcensa, amma da ya shiga ɗakin ya ga uwarsa sai ya zube a gabanta kamar yaro. Sista na tsakar gida tana wanke bokitai, tana jin su.

"Inna, ki tashi mu tafi. Yanzu."

"Sai Gimbiya ta haihu."

"Saniya, Inna? Saniya za ki fifita a kan ranki?"

"Ran nawa ne ko naka?"

"Wallahi ɗaukar ki zan yi in sa a mota."

"Ƙarfi kam kana da shi. Ni na ba ka. Ɗauke ni, amma ka sani har mu isa ba zan dube ka ba."

Ya fito yana huci, ya tsaya a kan Sista. "Ke da kika san abin, kika zuba ido har ta kai haka? Da ba ma'aikaciyar asibiti ba ce ke, sai in ce rashin sani ne."

Sista ta ci gaba da cuɗa bokitin. Uwa na fushi don ta yi magana, ɗa na fushi don ta yi shiru, kuma a ranta ta san kowannensu da gaskiyarsa.

Bai ɗauke ta ba. Ya share tsohon ɗakinsa ya zauna, yana kai da komo tsakanin ƙofar uwarsa da turken saniya, yana hararar Gimbiya kamar mai jiran fasinjan da ya hana mota tashi. Tun yana saurayi ya gudu daga aikin gona, amma zaman banza ya gagare shi. Ya ɗaure ƙyauren rumfa da ya daɗe yana lilo, ya toshe yoyon kwamin ruwa. Sista na zuwa safe da yamma, ta ba Gwaggo magani, ta karɓa ta haɗiye ba tare da ta ɗago ido ba.

Ran da abin ya zo, da rana tsaka ne. Gimbiya ta ƙi cin ciyawa, ta ɗaga wutsiya, ta yi ta kwanciya tana tashi. Faya ta fashe. Suka jira, suka jira, sai ga kofato biyu sun leƙo, sun koma, sun sake leƙowa, daga nan ba abin da ya ƙaru.

"Ku fito da ni," in ji Gwaggo daga ɗaki. Ba wanda ya gaya mata. Kukan saniyar ta ji.

Auta ya ɗauko ta har da kujerar, ya ajiye ta a inuwa kusa da turke. Sista ta wanke hannu da sabulu har kafaɗa, ta shiga. Ƙafafun gaba ne, daidai suke. Amma inda ya kamata ta taɓa hanci, ba komai. Ta miƙa har kumatunta ya manne da jikin saniyar.

"Kan ya juya gefe," ta ce. "Ina taɓa wuyan, amma hannuna bai kai bakin ba."

Gwaggo ta kalli ɗanta. "Cire riga."

"Ni, Inna?"

"A'a, maƙwabcinka. Wannan dogon hannun da ka gada wurin ubanka, na ado ne?"

Ya cire. Sista ta sa masa sabulu, ta nuna masa yadda zai haɗe yatsu. Fuskarsa ta yamutse da ya shiga, ya kau da kai.

"Jira ta huta," in ji Gwaggo, tana magana tana tsayawa. "Kar ka yi kokawa da ita, za ta karya ka. Yauwa. Yanzu tura ƙirjin baya. Bi wuyan. Ka ji kunne?"

"Na ji wani abu... eh, kunne ne."

"Gangara. Nemi baki. Rufe haƙoran da hannunka, kar su yanke ta."

Auta ya rufe ido, gumi na bin gemunsa. "Kamar laluben kusa a ƙarƙashin inji," ya ce ta cikin haƙora.

"Injinka na lasar hannu?"

"Wallahi ya lashe ni! Inna, yana da rai!"

"To jawo shi gida."

Kan ya juyo ya hau kan ƙafafun. Sista ta ɗaura igiya a saman kowane kofato, ta ba Auta ɗaya ta riƙe ɗaya. Gwaggo ce ke ba da umarni: in saniyar ta yunƙura su ja, in ta huta su huta, kuma ƙasa za su ja, ba sama ba. Hanci ya fito, da harshe a waje. Goshi ya tsaya, ya tsaya, har Sista ta fara jin tsoro, sannan ya wuce. Sai kafaɗu, sai gaba ɗaya jikin ya zubo a lokaci guda, Auta ya faɗi zaune cikin ruwan haihuwa.

Maraƙa ce, ja kamar uwarta. Sista ta share mata hanci, ta goge ta da ciyawa da ƙarfi har ta yi tari. Gimbiya ta miƙe, ta juyo, ta yi wani gunji can ƙasan maƙogwaro wanda Sista ba ta taɓa jin ta yi ba, ta hau lasa.

Suka zauna suna kallo, maraƙar na ɗaga gindi tana kifawa da baki, tana sake gwadawa. Da ta tsaya a kan ƙafafu huɗu tana rawa, ta yi ta tunkuɗar cikin uwar har ta dace da nono, Gwaggo ta sauke numfashi.

"Auta, je ka yi wanka. Ba zan shiga mota da kai a haka ba."

Sista ce ta haɗa mata kaya. Ba su da yawa: zannuwa, bargo, carbi, da 'yar rediyonta. Da aka zaunar da ita a gaban mota aka jingina mata filo, ta sa aka sauke gilashi.

"'Yar nan."

Sista ta matso.

"Ban ce kin yi daidai ba. Ban kuma ce kin yi laifi ba. Ki dai sa ido a kan Mai Gardama, tana hana ƙaramin nono in ba a kallonta. Kuma kar ki tatsi Gimbiya tukuna, na 'yarta ne."

"To, Gwaggo. Allah ya ba ki lafiya."

"Amin. Ke kuma ya ba ki haƙuri da su."

Motar ta bi layin a hankali saboda ramuka, har ta sha kwana.

A asibiti aka ba ta gado, aka sa mata iska a hanci, aka yi ta zuƙe ruwan. Kowace safiya, daidai lokacin ba da dusa, sai wayar Sista ta yi ƙara.

"Kin ba su?"

"Ina cikin ba su."

"Sa mini su in ji."

Sai Sista ta miƙa wayar cikin rumfa, ta tsaya kamar wata sakarya, hannu a sama, tumaki na ta koke-koke. In ta mayar kunne sai ta ji, "Wannan mai siririyar muryar Kwaɗayi ce. Ƙarya take, ba yunwa take ji ba. Wa ke tari a cikinsu?" Wata rana ta ce abincin asibitin ko tunkiya ba za ta ci ba. Wata rana ta ce likitan yaro ne ƙarami amma yana da ladabi, ta yi masa alkawarin ɗan rago. Wata rana kuma muryar ta yi ƙasa sosai, ba ta yi wasa ba, ta saurari rumfar ta daɗe, sannan ta ce, "Shi ke nan," ta kashe.

Ran nan wayar ta yi ƙara a lokacinta. Sista ta goge hannu a zani ta ɗauka.

"Na ba su, Gwaggo, tun kafin ki tambaya."

Muryar Auta ce, a dushe.

"Sista... Inna ta cika. Ɗazu da gari ya waye."

Ta yi salati, ta yi masa gaisuwa da kalmomin da suka zo bakinta. Da ya kashe, ta tsaya da bokiti a hannu. Tumakin ba su san komai ba, suna ta tunkuɗar gwiwarta. Ta ƙarasa zuba musu, ta cika kwamin ruwa, ta kai wa Gimbiya ciyawa. Sai da ta gama duka ta zauna a bakin rumfa ta yi kukanta.

Gida aka dawo da ita, aka kai ta kusa da mai gidanta. Tsakar gidan da bai saba da taro ba ya cika da takalma da muryoyi. Mutanen layi suka yi ta ba da labarinta, wannan ta taɓa ba 'yarsa madara da tana ciwo, wancan ta taɓa korarsa da sanda don akuyarsa ta shiga gonarta. Da rana ta yi sanyi, Auta ya samu Sista a jikin danga.

"Na yi miki magana mara daɗi ran nan. Ki yafe ni."

"Ba komai. Ni ma har yanzu ina yi wa kaina ita." Sannan ta ce, "Da na kira ka da wuri, wataƙila da tana nan. Da ban kira ka ba sam, da a kujerarta ta cika, tana jin dabbobinta. Na rasa wanne na hana ta."

Auta ya daɗe yana kallon maraƙar, wadda ke tsalle-tsalle a gefen turke ba dalili.

"Likita ya ce zuciyar ta daɗe da ƙarewa. Ya yi mamakin ma yadda ta kai haka." Ya shafa gemu. "Jiya da yamma ta tambaye ni ko an yi ruwa a nan. Na ce ban sani ba. Ta ce in an yi, ciyawa za ta yi kyau bana."

"An ɗan yi yayyafi."

"To."

"Dabbobin fa?"

"Ban sani ba tukuna, Sista. A bari dai ƙananan su yi ƙwari. In ba zan ɗora miki nauyi ba."

"Ai na riga na ɗauka."

Aka kira shi daga ciki, wasu baƙi za su tafi. Sista ta shiga kora tumaki rumfa, don hadari ya fara haɗuwa kuma iska ta canja. A nan ta lura babu wata 'yar baƙar tunkiya, ƙarama, mai cikin fari, wadda Gwaggo ba ta kai ga raɗa wa suna ba.

A can ƙarshen gona ta same ta, a gindin wata bishiya kusa da kwalbati. Ta haihu ita kaɗai. Ɗan na kwance a ciyawa, an lashe shi tas, yana rawar sanyi. Sista ta ɗauke shi ta rungume a ƙirji ta kama hanya, tana tsammanin uwar za ta biyo. Uwar ta ɗan biyo, sai ta tsaya, ta juya da gudu ta koma gindin bishiyar, tana shinshina inda ta haihu tana kuka. Sista ta dawo ta nuna mata shi, ta sake ɗagawa ta tafi. Tunkiyar ta sake komawa. Ita a saninta ɗa ba ya tashi sama, a ƙasa ta bar shi, a ƙasa take nemansa.

Sista ta tsaya a tsakiyar gona da ɗan rago a hannu. Ta waiwaya wajen gidan. Ba kowa a bakin ƙofa sai baƙi masu neman takalmansu.

Ta koma gindin bishiyar. Ta sunkuya, ta riƙe ɗan da hannu biyu dab da ƙasa, kofatansa na shafar ciyawa, daidai hancin uwar. Tunkiyar ta shinshina shi, ta yi ɗan gunji. Sista ta ja da baya taku ɗaya. Uwar ta matso. Ta sake ja, ta sake matsowa.

Haka suka ratsa gonar, ita a sunkuye tana tafiya da baya, bayanta na ciwo, gyalenta na jan ƙasa, baƙar tunkiyar na biye da hanci a jikin ɗanta, ɗigon farko na ruwan sama na sauka a kan ganye.